Ranar da Aka Binne Sunan Ƙaltume

Shekara ashirin da ɗoriya Ƙaltume ta yi tana wankan gawa a Harra ta Yamma, kuma matan Hausawan Madina duk sun sallama cewa ba ta da tsoro. Ita ke shiga ɗakin da kowa yake ja da baya, ta naɗe hannun riga, ta ce a kawo ruwa da ganyen magarya. In 'yan mata suka tambaye ta ko ba ta mugun mafarki, sai ta ce musu mamaci bai taɓa yi mata rashin kunya ba, masu rai ne suka ishe ta. Amma batun rashin tsoro, ba su san ta ba ne. Akwai kalma guda da in aka faɗa a gabanta sai ta daina taunar goro: talaja, ɗakin sanyin asibiti inda ake ajiye gawar da ba ta da takarda.

Ta san talaja ne ta kan wata Fatna, mutuniyar Abashe, da ta mutu ba takardar zama ta iƙama ba fasfo. Hukuma ta ɗauke ta, aka ce sai an gano ko wace ce, da wanda ya shigo da ita, da wanda ya ba ta masauki. Kwana arba'in da uku ana wannan bincike. Ranar da aka saki gawar aka kawo wa Ƙaltume, hannun Fatna ya ƙi lanƙwasuwa, kitsonta ya ƙi tsefuwa, ga 'yar takarda mai lamba ɗaure a babban yatsan ƙafarta kamar kayan da aka aiko a mota. Sai da aka ɗumama ruwa tukunya huɗu kafin jikin ya saki. Mai zuba mata ruwa a ranar, kamar kullum, Maiturare ce.

Ita da Maiturare tare suka baro ƙasar Katagum suna amare, a ƙafa, a bayan mazajensu. Shekara shida suka yi a hanya, sun tsinci auduga a Sudan, sun yi amai a kwano ɗaya cikin jirgin katakon da ya tsallako da su daga Sawakin. Mijin Ƙaltume, Malam Barau, ya iso da ransa, kuma ya yi dabarar karɓar tabi'iya, littafin zama ɗan ƙasa, tun lokacin da ba a wahalar samu. Sunan matarsa yana shafi na biyu, ba hoto, don ba a sa hoton mace. Mijin Maiturare kuwa zazzaɓi ya tare shi tun a Sudan, can ya rasu. Ta iso ita kaɗai, ba ɗa ba jika, kuma da aka ce ta je ta nemi takarda sai ta ce ita wurin Manzon Allah ta zo, ba wurin mai hatimi ba. Taurin kai gare ta, Allah ya jiƙanta. Ta zauna tana haɗa turaren wuta tana sayar wa alhazai, sunan sana'a ya bi ta har aka manta da na yanka.

Ranar Fatna, bayan maza sun fita da makara, Maiturare ta zauna a bakin magudanar ruwa ta kasa tashi. Ta riƙe gefen zanen Ƙaltume ta ce, "'Yar garinmu, ko a rami kika jefa ni na yafe miki. Amma kada ki bari a sa ni a wancan wurin."

Ƙaltume ta ce mata ta ɗauki alkawari. Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, ba ta tsaya tunanin ta yaya ba.

Shekara biyu bayan haka, wata Talata a tsakiyar zafi, irin zafin da baƙaƙen duwatsun Harra ke mayar wa mutum ta tafin ƙafa, Ƙaltume ta ga hantsi ya yi Maiturare ba ta fito shanya itacen turarenta ba. Ta leƙa ɗan ɗakin bayan gida inda take zaune tun rasuwar Malam Barau. Ta same ta jingine da bango, carbi a hannu, shayi ya huce a gefenta. Mai irin wannan aiki ba ya bukatar taɓa jijiya kafin ya sani. Ta yi salati, ta shafe mata idanu, ta ɗaure mata haɓa da ɗankwali, ta miƙar da ƙafafun tun jiki bai sandare ba. Sai da ta gama duk wannan ta fito tsakar gida.

Ta hana surukarta Sharifa ɗaga murya. Sharifa haifaffiyar Madina ce, tana jin Hausa sarai, amma kamar ta yi rantsuwa ba za ta amsa da ita ba, komai aka ce mata da Larabci take mayarwa. Ƙaltume ta ce ta haɗiye kukanta tukuna, ta je kantin bakin layi ta sa a buga wa mijinta waya. Abdussamad ɗan farin Ƙaltume ne, don haka ba ta kiran sunansa, Direba take ce masa tun da ya fara jan motar ruwa. Bai yi rabin awa ba ya iso, ya shiga ɗakin bayan, ya fito idanunsa jajur. Wannan matar ce ta goya shi lokacin da uwarsa ke kunyar ɗaukarsa a gaban mutane.

Ya ce babu yadda za a yi, dole a sanar da hukuma. Maƙabartar Baƙi'a ba a shiga da gawa sai da tasrihi, takardar izinin binnewa, tasrihi kuma ba ya fitowa sai likita ya gani, umda mai unguwa ya buga hatimi, an ga takardar mamaci. Ya ce zai je ya roƙe su, watakila su tausaya su gama cikin mako biyu. Yana faɗa yana kallon ƙasa, don shi ma ya san ƙarya yake yi wa kansa, kuma ya san tambayar farko da za a yi masa ita ce me ya sa ya ajiye mace ba takarda a gidansa shekara da shekaru.

Ƙaltume ta shiga ɗakinta, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da littafin Malam Barau a naɗe cikin tsumma. Ba ta iya karatun boko ba balle rubutun ofis, amma ta san inda sunanta yake. Ta buɗe shafi na biyu, ta ɗora yatsa a kai, ta ce su biyun sa'o'in juna ne, tsawonsu ɗaya, kuma ba namijin da ya taɓa ganin fuskar ɗayansu a wannan layin.

"Ya Ummi, wannan tazwiri ne. Ƙaryar takarda. Kurkuku ne fa, ni da ke."

"Na sani, Direba."

"Tayyib, bar batun kurkuku. In suka ja layi a kan sunanki, khalas, shi ke nan, ba ya gogewa. Ranar da taki ta zo, da wace takarda zan kai ki?"

Wallahi ba ta yi wannan tunanin ba. Tun safe hankalinta na kan yadda za a fitar da Maiturare kafin La'asar, ba ta lissafa cewa suna ɗaya ne a littafin, tsofaffi kuma biyu ba. Ta ji sanyi ya kama babban yatsan ƙafarta na dama, a cikin wannan zafin, har sai da ta duba. Ta ɗauki littafin ta koma ɗakin bayan, ta ja ƙofa.

Kada a yi mata ƙarya, a cikin ɗakin nan ta janye. Ta zauna kusa da gawar tana ba kanta hujja. Mamaci ai ba ya jin sanyi. Alkawarin nan mutum biyu suka ji shi, ɗaya kuma ga ta kwance. Ita ba ta hana Maiturare neman takarda ba, sau nawa ta yi mata faɗa a kai. Ta yi shekara shida tana tafiya a ƙasa don a rufe ta a Baƙi'a kusa da matan Annabi, yanzu kuma ta ɗauki wurin da hannunta ta ba wata? Ta ga kanta a cikin aljihun ƙarfe na talaja, kwana arba'in, da lamba a ƙafa, Direba yana yawo ofis-ofis yana rantsuwa cewa matar da ya binne bara ba ita ce uwarsa ba. Har ta naɗe littafin cikin tsummansa za ta mayar akwati.

Sai wani tunanin ya zo mata. In an gama binciken, wa za a kawo wa gawar? Ita. Ita za ta ɗora tukunya huɗu, ita za ta kama wannan hannun da ya yi shekara ashirin yana miƙo mata buta, ta yi ta lallashinsa ya lanƙwasu, kuma ba mai zuba mata ruwa. Ta dubi fuskar Maiturare, da ɗankwali ɗaure a haɓa kamar mai ciwon haƙori, ta san ba za ta iya ba. Ba jarumta ce ta tashe ta daga wurin ba, tsoro biyu ne suka yi kokawa a cikinta, na kusa ya kayar da na nesa. Ta fito ta miƙa wa Abdussamad littafin, ta ce ya yi sauri kafin umda ya tafi cin abinci.

Likitan da ya zo wani Bamisire ne mai gumi, da alama gawa ta uku ke nan da ya gani a ranar. Ƙaltume ta rufe fuska ta takure a kusurwa, Sharifa na gefenta. Likita ya ɗaga fatar idon Maiturare, ya sa abin sauraro a ƙirjinta don cika ƙa'ida, ya buɗe littafi. Ya tambayi sunan marigayiya. Ƙaltume ta ji ɗan da ta haifa ya faɗi sunanta da na ubanta, ya ƙara da cewa mahaifiyarsa ce. Kukan da ya zo masa na gaskiya ne, shi ya taimake su. Sai likitan ya juyo ya nuna kusurwa da alƙalami, ya ce waccan tsohuwar fa, ita ta same ta?

Larabcin Ƙaltume na kasuwa ne, amma ta ji tambayar tsaf. In ya ce ta kawo takardarta, ko ya tambayi sunanta, ba ta shirya ko ɗaya ba. Sharifa ce ta yi wuf ta ce maƙwabciya ce, kurma ce, ba ta ji. Likita ya ɗaga kafaɗa, ya sa hannu, ya tambayi ko akwai ruwan sanyi a gidan.

Ƙarfe biyu tasrihi ya fito. Ƙaltume ta aika aka kira mata Uwa, wata dattijuwa daga cikinsu mai riƙe magana, ta gaya mata komai a tsaye, ta ce ta bi gidajen Hausawa ta ja wa mata kunne. Sannan ta dubi Sharifa ta ce yau ita za ta zuba ruwa. Sharifa ba ta taɓa taɓa gawa ba, ta buɗe baki za ta roƙi a ɗauke mata, ta ga idon tsohuwar, ta ɗauki buta.

Wankan da aka yi wa Maiturare ba a taɓa yi wa kowa irinsa a Harra ba. Ƙaltume ta yi mata alwala a hankali, ta wanke dama kafin hagu, sau uku da magarya, na ƙarshe da kafur. Jikin da laushinsa, duk inda ta juya shi yana bi, kuma kowace gaɓa ta lanƙwasu sai ta ce alhamdu lillahi. Ta tsefe furfurar ta yi mata kitso uku ta kwantar a baya. Likkafanin da Maiturare ta jiƙa da Zamzam tun hajjinta na farko yana ƙasan kwandonta, aka turara shi da turaren da ta haɗa da hannunta, wanda take ɓoyewa ba ta sayarwa ko an yi mata magiya. Kafin ta rufe fuskar, Ƙaltume ta sunkuya daidai kunnenta ta yi magana ƙasa-ƙasa, da sunan da ba wanda ya kira ta da shi tun Sudan.

"Halimatu. Takarda ce kawai ta ce Ƙaltume. In an tambaye ki, ke Halimatu ce 'yar Maigandi, kada ki rikice."

Maza suka shigo suka ɗauki makara. Mata ba sa rakiya, don haka daga bayan labule ta ji tafiyarsu, ta ji maƙwabta Larabawa suna fitowa daga gidajensu suna tambayar wa ya rasu, ana ce musu mahaifiyar Abdussamad ce. Wani tsoho ya ce Allah ya jiƙan Hajiya Ƙaltume, jama'a suka amsa. Ta sha jin ana yi wa mutane wannan addu'a, ba ta taɓa sanin haka take da nauyi ba in ta sauka a kan mai ita.

Abdussamad ya dawo gab da Magariba da ƙurar Baƙi'a a gwiwar rigarsa. Ya ce an yi mata salla a Harami bayan La'asar, sahu ya kai har waje, ba a ambaci sunan kowa ba, an dai ce salla a kan mamaciya. Ya ce ƙasar ta yi laushi, shi ya shiga ramin. Ƙaltume ta yi kukan da ta riƙe tun hantsi. Da ta share ido sai ya ajiye mata littafin a kan tabarma. Ta buɗe shafi na biyu. Jan layi ne guda, an ja shi da abin awo, ya miƙe sarai daga farkon sunanta zuwa ƙarshe.

Daga ranar ta kasa kwanciya a gefen dama tana fuskantar kudu, alƙiblar mutanen Madina, don haka take kwantar da mutanenta. In ta zauna shiru sai ta ga ta kama wuyan hannunta tana neman jijiya. Ta tambayi Direba ko abin da aka rubuta a ƙasa ba ya jawo na sama, ya ce mata Mala'ikan mutuwa ba ya jiran hatimin umda. Ta ce ya kama bakinsa, amma amsar ba ta kwantar mata da hankali ba.

Zaman makoki kuwa ba yadda za a yi a ƙi shi. Uwar mutum ta mutu bai jera kujeru a ƙofar gida ba, ai shi ne neman magana. Aka jera, aka dafa gahawa, maza suna zuwa suna dafa kafaɗar Abdussamad. Mata suna shigowa ciki bayan La'asar. Hausawan da Uwa ta riga ta gani sukan shigo su zauna, su kalli Ƙaltume su kalli ƙasa, su rasa wa za su yi wa gaisuwa. Wata Zulaiha daga unguwar Sih, da labari ya iske ta a kasuwa ba ta hannun Uwa ba, ta shigo da kukanta tana kiran Ƙaltume ta tafi ta bar su, ta ɗaga labule ta yi ido biyu da ita tana shan gahawa. Da ba a toshe mata baki da mayafi an danne ta ba, da mazan waje sun ji abin da zai kai gidan duka gaban hukuma.

Rana ta biyu matar umda ta zo. Balarabiya ce mai jiki, mai kirki kuma, irin kirkin da ba ya gaggawar tafiya. Ba ta taɓa shiga gidan ba, kuma a wurinta tsofaffin Hausawa duk fuskarsu ɗaya. Ta rungumi Sharifa, ta zauna, ta karɓi gahawa, idonta ya zagaya ɗakin ya tsaya a kan tsohuwar da idanunta suka fi na kowa kumbura. Ta tambayi wace ce wannan. Sharifa ta buɗe baki, wannan karon ko Larabcin bai zo ba.

"Maiturare," in ji Ƙaltume. "Ƙawar marigayiya ce ni."

Matar umda ta matso kusa da ita ta kama hannunta, ta ce ta ji an ce tare suka zo daga ƙasarsu, ta ba ta labarin marigayiya, wace irin mace ce. Ƙaltume ta so ta ce ba ta jin Larabci, amma bakinta ya riga ta. Ta ce mace ce mai taurin kai da ba a taɓa juya ta ba. Ta ce a hanyar Sudan, ranar da ruwansu ya ƙare, ta ba ta nata kason ta ce ita ta riga ta sha, alhali ƙarya take. Ta ce ta goya ɗan da ba ita ta haifa ba har bayanta ya yi kanta, kuma shekara ashirin tana tsaye a kan gawarwakin mutane da buta a hannu, ba ta taɓa karɓar ko dabino ɗaya a kai ba. Tana faɗa da guntun Larabcinta, inda ya ƙare ta cike da Hausa, matan ɗakin suna kuka, don su sun san wadda ake nufi.

Matar umda ta share hawaye. Ta ce lalle Hajiya Ƙaltume ta yi dace, ta rasu da hantsi, kafin rana ta faɗi tana Baƙi'a. Ta rage murya don nasiha, ta ce wannan amfanin takarda ke nan, mijinta kullum yana faɗa, in ita Maiturare ba ta gyara tata ba ta daure ta gyara, don kada a sha wahala da ita. Sannan ta ɗaga hannu ta ce Allah ya ba ta ƙarshe irin na ƙawarta, ya kwantar da ita kusa da ita.

Matan suka amsa da amin gaba ɗaya, da ƙarfin da ya wuce na gaisuwar mutuwa. Ƙaltume ta ɗaga tafukanta ita ma. Matar umda tana riƙe da gwiwarta tana jiran ta amsa.

"Amin," in ji ta. Da kyar aka ji.